Ɗan Barewa a Cikin Mayafina

'Ya'yan mutanen da na sani a Barking, unguwarmu a London, wannan likitanci yake karantawa, wancan lauya zai zama, waccan tana harkar kwamfuta. Ni kuwa babbar 'yata, da ta tashi zaɓar abin yi, sai ta ce dabbobin dawa. Dabbobin ma ba zaki ba, ba giwa ba, da mutum zai faɗa a gidan biki a jinjina masa. Wata 'yar ƙaramar barewa ce ta ƙasar nan, wadda suke kira roe deer, da kyar ta fi akuyar gidanmu ta Katsina tsayi. In mata suka tambaye ni a wurin suna, "Yayarsu me take karantawa ne yanzu?" sai in ce kimiyya, in jefa cincin a baki don kada a ja zancen.

Babbar nan tawa, tun da aka haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan surukata aka sa mata, to ta ina zan fara? A gidanmu haka muka taso. Innata har ta koma ga Allah ban ji ta ambaci sunan Yayanmu ba, in ya shigo ɗaki ma bango take kallo, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta ƙaunarsa. Kaka ce ke goya shi, gwaggonni ke yi masa wasa, suna kiran sunansa har ya gundure shi. Uwa kuwa ta kame, ita ce mai kunya, ita ce 'yar mutunci.

Ni ma haka na yi. A asibitin Whitechapel na haife ta, ungozoma ta ɗora min ita a ƙirji tana washe baki, na kau da kaina gefe kamar yadda na ga ana yi. Matar har ta ja mijina waje tana tambayarsa ko lafiyata ƙalau. Abin da ban hango ba shi ne, a London babu kaka, babu gwaggo. Daga ni sai ita a cikin ɗan gidanmu, sai abbanta in ya dawo daga aiki, shi da yake ce mata Uwata. Na shayar da ita, na yi mata kitso, na zauna a kanta duk lokacin da zazzaɓi ya kama ta, amma in zan kira ta sai in ce "ke", ko in ce wa ƙannenta, "Ku kira min Yayarku." Su ƙannen biyu kuwa, sunansu nake rerawa kamar waƙa, in ɗaga su, in sumbace su, duk a kan idonta.

Ta gama karatu, ta samu aiki can arewa a Scotland, cikin wani daji da ko masallaci babu kusa. Ana saura 'yan kwanaki ta tafi, ina kicin ina yanka alayyahu, ta zo ta jingina da firij. Da Turanci ta yi maganar, don tana jin Hausa sarai amma da kyar take mayarwa.

"Mama, zan tafi, kuma ban sani ba ko za ki lura babu ni a gidan."

Wuƙar ta kusa cin yatsana. Na ce, "Ke, wace irin maganar banza ce wannan?"

Ta ce ran Asabar akwai zagayen kallon dabbobi a wani dajin gefen London da ta yi aikin sa kai tun tana makaranta, an ce kowa ya zo da iyalinsa, kuma shi ne zuwanta na ƙarshe. "In kin zo, kin zo. In ba ki zo ba, na gane." Ta fice ta bar ni da alayyahu. Raina ya ɓaci, wallahi, har na yi tsaki. Amma can ƙasan ɓacin ran tsoro ne, don na ga yarinyar nan da gaske take, tafiya za ta yi da wannan tunanin a zuciyarta. Na ƙudurta zan je, in kama kaina, in fita kunyarta a gaban mutanenta, ko ta gane abin da bakina ya kasa faɗa.

Ƙarshen watan Mayu ne. Muka yi sammako, muka hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa Whitechapel, muka canja zuwa jirgin da ke gangarawa Croydon, daga nan kuma bas har inda gidaje suka ƙare. Na ɗaura atamfa mai duhu kamar yadda ta ce, na yafa babban mayafina, na ari kambas ɗin ƙanwarta na zura a ƙarƙashin zani. A hanya na shanye rabin fulas ɗin shayi saboda sanyin safiya. Ban san London tana da irin wannan gefen ba, itatuwa manya-manya, da fili mai ciyawa har gwiwa, alhali ana jiyo ƙarar motoci daga bayan tudu.

Shugabar masu aikin sa kan wata dattijuwar Baturiya ce mai furfura da takalmin roba. Tana hango mu ta ƙwala wa 'yata kira, sunan surukata ɓaro-ɓaro a tsakiyar fili, ta rungume ta, ta sake maimaitawa kamar tana shan zuma. Da ta juyo gare ni ta kama hannuna da hannu biyu, ta ce lallai ina alfahari da wannan yarinya. Na ce, "Uhm, mun gode." Daga nan ta tara mutane, yawanmu ya kusa cika ƙaramar bas, ta yi dogon jawabi da Turancinta mai sauri. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Idona yana kan hannunta da ta ɗora a kafaɗar 'yata, kishi yana cina, ni da ban taɓa ɗora nawa a wurin ba a gaban mutane.

Da muka shiga dajin sai yarinyar nan ta ba ni mamaki. Ta dawo kusa da ni ta kama yi min bayani da Hausa, Hausar tata mai ɗingishi, tana haɗa namiji da mace, amma Hausa ce, kuma don ni take yi. Ta nuna min sawu a cikin laka, kofato biyu 'yan ƙanana, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Ta nuna min kan wata ƙaya mai yaɗo inda aka tsinke tohon. Ta ce barewar nan ba ta kiwo irin na tumaki, tsinta take yi, toho a nan, fure a can, sabon ganye a gaba, kuma in ta shiga lambun mutum furen wardi take fara cinyewa. Na ce ashe 'yar gayu ce. Ta nuna min wani ɗan itace da aka saɓule wa ɓawo, ta ce namijin ne ya goga ƙahonsa don ya sanar da sauran maza nan gidansa ne. Ba sa tafiya garke-garke a wannan lokacin, kowa da unguwarsa.

Can sai muka ji haushi, gau, gau, daga cikin duhuwa. Na damƙe zanina na ce, "Kare!" Ta ce a'a, namijin barewar ne, ya ji ƙanshinmu yana ƙorafi. Ta kama gefen mayafina ta juya ni a hankali. Ga shi nan tsaye a tsakanin itatuwa, ja kamar ƙasar tukwane, hanci baƙi ƙirin, kunnuwa manya, ƙaho gajere mai 'yan rassa. Ya dube mu, muka dube shi. Da ya juya zai gudu na ga ba shi da wutsiyar kirki, sai wani fari-fari a bayansa kamar ya zauna a kan garin tuwo.

Muna tafe take gaya min wani abu. Ta ce a tsakiyar lokacin zafi suke barbara, amma cikin ba ya girma, sai ya tsaya cak har tsakiyar hunturu, sannan ya motsa, don a haifi ɗan a yanzu da ganye ya wadata. Na tsaya na riƙe ƙugu. Na ce, "Kwanciyar ciki! Wannan ne kimiyyar? Ai matan unguwarmu sun daɗe suna faɗa, likitoci suna yi musu dariya." Ta tuntsire da dariya har ta dafa hannuna. Rabon da in ji ta yi dariya saboda maganata, na manta. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau dai abin yana tafiya daidai.

Sai shayin nan ya ci amanata. Fitsari ya matse ni, matsi ba na wasa ba, kuma ba zan iya buɗe baki in tambayi banɗaki a gaban maza Turawa ba. Na yi kamar ina gyara igiyar takalmi har suka sha kwana, na saki hanya na kutsa cikin doguwar ciyawa, na nufi bayan wani kurmi. Ban kai ba na kusa taka shi.

Yana kwance a dunƙule, ya kwantar da wuya a ƙasa, bai fi kyanwa girma ba. Jikinsa ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon fari. Idonsa a buɗe, amma ko ƙiftawa ba ya yi, ba don cikinsa da ke ɗan motsi ba da na ce ya mutu. Na duba gabas, na duba yamma, babu uwa, babu alamarta. Ga raɓa ta jiƙa ciyawa, ga dilolin London da na sani, waɗanda ko ledar shara ba sa ƙyalewa. Zuciyata ta karye. Na ce lallai mota ta kaɗe uwar, ko kuma wata marar imani ce ta haihu ta yar. Fitsarin ma ya ɗauke. Na warware mayafina na naɗe shi, na rungume shi a ƙirji, ina jin zuciyarsa tana bugawa da sauri-sauri.

Kuma, Allah ya sani, har da murna na taho. Na ce yau zan nuna wa yarinyar nan ni ma na damu da abin da ta damu da shi. Ina tafe ina jijjiga shi ina cewa, "Yi shiru ɗan albarka, yi shiru ɗan lelena. Wa ya yar min da kai? Zo nan abin ƙaunata." Haka na ɓullo musu a kan hanya, kaina ba mayafi sai ɗankwali, bakina har kunne.

Wata mata ta toshe bakinta da hannu. Wani mutum ya ɗaga wayarsa, matarsa ta danne masa hannu. Dattijuwar nan ta runtse ido ta ambaci Ubangiji da yarensu. 'Yata kuwa ba ɗan barewar take kallo ba, bakina take kallo.

Dattijuwar ta matso, ta yi min magana a hankali, irin maganar da ake yi wa ƙaramin yaro ko mai taɓin hankali, wadda ta fi zagi ciwo. Ashe abin da ta tara mu ta faɗa ke nan tun farko: kada kowa ya bar hanya, in kuma an ga ɗa a kwance kada a taɓa shi. Ba yar da shi aka yi ba. Uwar ce take ajiye shi ta ja nesa, don jikinta yana da wari shi kuwa kusan babu, in ta tsaya a kansa ita za ta jawo masa dila. Sau da yawa ma biyu take haifa, ta ɓoye kowanne a wurinsa daban. Tana nan kusa, in ji ta, wataƙila ma tana kallo lokacin da na ɗauke shi.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni, uwar wadda ta fi kowa sanin dabbar nan a wurin, ni ce na yi abin da ko yaran da aka zo da su ba su yi ba. Dattijuwar ta ce wa 'yata kada ta damu, kowa yana kuskure, sai na ga yarinyar ta sunkuyar da kai. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mama, nuna min inda kika ɗauko shi."

Allah ya taimake ni ciyawar da na tattake ba ta tashi ba, muka bi sawuna har wurin. Ta karɓe shi daga cikin mayafin, ta tsinko ciyawa ta goge masa jiki, ta kwantar da shi daidai inda ya yi gurbi. Ya sake dunƙulewa kamar ba abin da ya faru. Na tambaye ta ko uwar za ta karɓe shi. Ta ce galibi suna karɓa, amma ba ta da tabbas, an tsorata ta da yawa. In ba ta dawo ba, sai a kai shi inda ake rainon irinsu da bulumboti, kuma ba duka suke rayuwa ba. Ta ce ita za ta tsaya ta gani, ni in bi mutane in koma gida. Na ce ba inda za ni.

Muka haye wani tudu can nesa, inda iska ke kaɗowa daga wajensa zuwa wajenmu, muka zauna a gindin itace. Mutane suka watse. Na yi azahar da la'asar a kan ciyawa, na yafa mayafin da ke ɗauke da 'yan gashinsa. Rana a wannan watan ba ta san faɗuwa ba, ga ƙafafuna sun yi tsami, ga yunwa, amma ban isa in yi ƙorafi ba. Tana riƙe da madubin hangen nesa, ta kafa shi a kan kurmin.

Ni ce na kasa haƙuri. Na yi ƙasa da murya na ce, "To kin gani ai. Ita ma nesa take tsayawa, kuma ba don ba ta sonsa ba."

Na ɗauka na yi magana mai hikima. Ba ta sauke madubin ba ta ce, "Kada ki fara, Mama."

"Haba, daga magana?"

"Ita dila take gudar masa. Ni wa kike gudar min?" Ta sauke madubin ta dube ni. "Kuma tana dawowa. Tana zuwa ta lashe shi, tana da kukan da take kiransa da shi, ya san muryarta a cikin duk dajin nan. Muryar da kika yi wa wancan ɗazu, na san ta. Ta su Auta ce. Yau na ga har ɗan dabba ya samu."

Na buɗe baki in ce al'ada ce, in ce Innata ma haka ta yi, in ce kunya ce ba ƙi ba. Ta riga ni. Ta ce abbanta ya yi mata wannan bayanin tun tana firamare, ta sani, ta kuma yi ƙoƙarin fahimta. "Amma Kawu, yayanki, yana da kaka. Ni ke kaɗai gare ni."

Kunyar da na ji a gaban Turawan nan wasa ce a kan wannan. Na sunkuyar da kai ina tsinkar ciyawa, hawaye yana ɗiga a kan kambas ɗin aro. Sunan yana nan a maƙogwarona, na ji shi, na juya shi a kan harshe, ya ƙi fita.

Rana ta yi sanyi, inuwa ta miƙe, sai ta taɓa gwiwata ta miƙo min madubin. A bakin kurmin na ga uwar. Ba ƙaho, siririya, ja kamar mijin. Ta daɗe a tsaye tana juya kunnuwa. Ta tako kaɗan, ta tsaya, ta koma, ta sake fitowa ta wani gefen, har na fara ce mata a raina, ke dalla ki yi sauri. Sai ta yi wani ɗan siririn kuka, fii, fii, da kyar iska ta kawo mana shi. Ciyawa ta motsa. Ɗan nan da ya wuni kamar gawa ya miƙe a kan ƙafafunsa masu rawa, ya nufe ta. Ta sunsune shi tun daga kai har baya, ta daɗe a daidai inda na rungume shi. Sannan ta fara lasarsa, shi kuma ya cusa kai ƙarƙashinta.

Na ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga. 'Yata ta share ido da bayan hannu ta ce mu tafi kada mu rasa bas. Har muka iso gida maganar hanya kawai muka yi.

Ranar tafiyarta muka raka ta tashar Barking, ni da ƙannenta, abbanta kuma zai kai ta har babbar tasha da akwatuna. Ta rungume yaran. Ta zo gabana ta ɗan rusuna ta ce, "Mama, sai na yi waya." Na ce, "Allah ya tsare, ki riƙe salla." Abin da na iya ke nan. Ta sa kati ta wuce shingen, jakarta a baya, ta shiga cikin mutane masu gangarawa wajen jirgi.

Ban san lokacin da na kira ba. Sunan ya fito a shaƙe, da ƙarfi fiye da yadda na so, har wani mai tura keke ya waiwayo.

Ta tsaya. Ta juyo ta duba dama, ta duba hagu, ta dubi ma'aikacin da ke bakin shinge, ta leƙa bayana tana neman wanda ya san ta a tashar. Idonta ya bi ta kaina ya wuce, ya dawo ya sake wucewa. Ba ta san sunanta da muryata ba.

Auta ce ta ɗaga hannu ta ce, "Yaya, Mama ce!"

Ta dawo har bakin shingen, mutane suna ture ta. Ta ce, "Na'am?" Ni kuwa ban tanadi komai ba bayan sunan, na tsaya riƙe da jaka kamar wadda aka kama da sata. Abbanta yana can bayanta da akwatuna ya kafe ni da ido, sunan mahaifiyarsa ne na ƙwala a bainar jama'a.

Ta ce, da Hausa, "Sake faɗa, ban ji ba."

Ƙarya take yi, ta ji. Na ja mayafin na rufe fuskata, na sake faɗa.